Cokali Ɗaya na Tokar Lopaka

Duk wanda ya taɓa jan igiya a tekun Kona ya san koton Sebio Rapoza. In bai san shi ba, to wanka yake zuwa yi, ba kamun kifi ba. Ni ne Sebio ɗin. Tun kafin na kamfani su fara zuwa a cikin leda nake zuba koto da hannuna, a tambulan ɗin da na ɗauko daga mashaya, da idon 'yar tsana, da gezar da na yanko daga ledar kujerar mota. Makaranta ban wuce aji uku ba, amma masu manyan jirage daga ƙasashen da ban iya faɗin sunansu ba sun sha tsayawa a ƙofar garejina suna jira in gama cin abinci. Mu da muka fara sana'ar nan da yawa muke. Warin ƙaro ya cinye huhun wasu, giya ta cinye wasu, teku ya ɗauki ɗaya. Ni jirgi ya nutse da ni har sau biyu, likita ya yanke mini rabin huhu, kuma ga ni nan ina shan kofi.

Koton namu ba na ci ba ne. Kai ne na ƙaro mai daskarewa garau kamar gilashi, da ɓawon kawar teku mai ƙyalli a cikinsa, da dalma a ƙasa don kada ya juya, da geza a baya mai ɓoye ƙugiya. In an ja shi a bayan jirgi sai ya nutse, ya fito ya shaƙi iska, ya koma yana jan kumfa. Babban kifi ya gani ya ji haushi ya kai masa duka. Doka ɗaya gare ni a sana'ar, kowa ya san ta: koto ba ya barin hannuna sai na ga tafiyarsa a ruwa da idona. Wanda ya karkace nakan fasa shi da guduma, ko da na sarki ne.

Ɗa ɗaya na haifa, Lopaka. Teku bai karɓe shi ba. Tun yana ƙarami, jirgi bai gama fita daga tasha ba zai fara amai. Na ba shi citta ya tauna, na sa shi kallon dutse, na hana shi karin kumallo, na cika masa ciki da karin kumallo, duk a banza. Fitarsa ta ƙarshe a ƙasan jirgi ya yini kwance, fuskarsa kamar ɗanyen gwanda. Daga nan ya hau tudu wajen dangin uwarsa, ya kama noman kofi, ya auri Ululani, ya yi tumbi. Ban riƙe shi a rai ba. Wani da cikin shiga ruwa ake haihuwarsa, wani babu. Bayan rasuwar uwarsa, duk Lahadi nakan hau wajensu in ci abinci. Ululani ta iya naman alade da kabeji, ta iya yanka ɗanyen kifi yadda ya kamata. Ni in ba su labarin teku, Lopaka ya gyaɗa kai yana ɓare lemo.

A tsakiyar kakar tsinkar kofi zuciyarsa ta tsaya, tsakanin bishiyoyi, da kwando a ƙugunsa. Da aka bugo mini waya ina tsakiyar zubi. Ƙaro ba ya jiran kowa, in ka bar shi ya tafi ke nan, don haka sai da na ƙarasa na wanke hannu sannan na ɗauki makullin mota.

A coci mutane suka yi ta satar kallon fuskata. Ni ma na zauna ina jira in ji wani abu ya motsa a ƙirjina. Shiru. Na lura takalmin fadan cocin ɗaya ya fi ɗaya sheƙi. Na lura fanka tana girgiza, ƙusa ɗaya ta kwance. Aka ƙona gawar kamar yadda ya bari, aka binne tokar a gindin tsohuwar bishiyar kofi ta kakansa. Aka ci abinci. Na ci faranti biyu, don na ga an dafa da yawa.

Da aka gama kaka, wata safiya ina goge kawunan koto, sai ga motar Ululani a ƙofar gareji. Ba ta taɓa shigowa ciki ba, wari yana sa mata ciwon kai. Ranar ta shigo har gaban tebur. Ta ciro wata 'yar kwalbar magani daga jaka ta ajiye tsakanin samfefa da almakashi.

"Baba, ga ɗanka."

Na ɗaga kwalbar na duba a haske. Toka ce, cokali ɗaya, ba ta fi ba.

Wannan ba baƙon aiki ba ne gare ni. In masunci ya mutu, iyalinsa sukan kawo mini tokarsa kaɗan in zuba a koto, su ɗaura a bayan jirginsa ya ci gaba da fita. Na zuba mutane da dama. Akwai wani ɗan Filifin da na zuba, bayan mutuwarsa ya kama kifin da bai taɓa kamawa ba yana raye. In kifi ya tsinke igiya ya tafi da shi, sai a yi murna, a ce ya samu abokin tafiya.

Na ce, "Lopaka a koto? Yaron da ko hoton jirgi ya gani sai ya nemi bokiti?"

"Shi ya ce. Ba sau ɗaya ba. Ya ce in ya riga ka, in kawo maka cokali ɗaya ka zuba shi a ƙaronka, wai ko ba komai za ka juya shi a hannu ka duba shi da kyau."

"Ya iya zolaya."

"Ya kuma ce in gaya maka kada ka kuskura ka jiƙa shi."

Na yi dariya. Ita ba ta yi ba.

"Baba, dube ni. Sauran yana ƙarƙashin ƙasa, ba zan tone shi ba. Wannan kaɗai ya rage da zan iya riƙewa a hannu. Ba na sayarwa ba ne, ba na gwaji ba ne. Ka zuba, ka goge, ka kawo mini in ajiye a ɗaki. Ruwan teku ko ɗigo."

"Ke 'yar nan, kin san dokata."

"Na san ta. Shi ma ya san ta, shi ya sa ya faɗa. Ka yi mini alkawari ko in ɗauki kwalbata in kai wa yaran nan masu zuba koto a garin Hilo."

"Yaran Hilo! Waɗanda ƙaronsu ke yin rawaya kafin Kirsimeti? Ajiye nan."

"Alkawari."

"Na yi. Ko ɗigo."

Ta tsaya ta ƙara kallona, ta toshe hanci da bayan hannu, ta fita. Daga cikin mota ta ɗago murya ta ce Lahadi akwai alade da kabeji.

Na jira ranar da iska ta bushe, don danshi yana sa ƙaro ya yi gizo. Na zazzage tokar a farar takarda. Wanda bai taɓa gani ba yana zaton kamar tokar murhu ce. Ba haka take ba. Tana da tsakuwa-tsakuwa, kamar yashin bakin teku inda murjani ya farfashe, kuma ta fi ƙaro nauyi. In ka zuba ta da wuri duk ta gangara gindin mazubi ta taru wuri ɗaya. Sai ka jira ƙaron ya yi kauri kamar zuma, ka kwantar da mazubin a karkace, ka yayyafa ta a hankali da bakin wuƙa ta kwanta a tsawon ciki. Wannan ni na gano shi, ba wanda ya koya mini.

Na ɗauko ɓawon kawar da na ɓoye tun zamanin da nake da gashi, wanda na hana wani attajiri ɗan Australiya ko da ya yi ta magiya. Na yanka shi sirara biyu. Na zaɓi ido ja. Dalma ban sa ba, na ce abin da zai zauna a kanta me zai yi da dalma. Ina aikin ina sauraren rediyo, ana maganar farashin man fetur. Na sake jira in ji wani abu, tunda ga yaron a bakin wuƙata. Abin da na ji kawai shi ne ƙafata ta hagu ta yi sanyi.

Sai da na ciro shi daga mazubi na ga abin da hannuna ya yi ban sani ba. Na sa masa bututun tagulla a tsakiya, inda igiya ke bi. Abin ado ba ya bukatar bututu. Amma hannun da ya shekara sittin yana sa bututu ba ya tambayar kai. Tunda kuwa akwai bututu, sai na ga rashin kyau ne in bar fuskar a miƙe, na kai shi zarto na yanke masa fuska a karkace yadda nake yi wa na aiki. Na bi shi da samfefa, mai kaushi zuwa mai laushi, da ruwan famfo, na goge har ina ganin haƙorana a jikinsa. Na ɗaura geza, shuɗi a kan azurfa.

Sannan na mirgina shi a kan tebur, yadda nake yi wa kowanne.

Ya mirgina ya tsaya, ciki a ƙasa. Na sake turawa da ƙarfi. Ya yi juyi biyu ya dawo, ciki a ƙasa, ido biyu a daidai. Ba dalma, tokar kaɗai ke riƙe da shi. Na ɗora shi a tafin hannu na auna. Na zuba koto dubbai, na san nauyin da ke tafiya da wanda ba ya tafiya tun kafin su ga ruwa. Wannan irin nauyin ban taɓa riƙe shi ba.

Na ajiye shi a kanta na juya masa baya na kama wani aiki. Na dawo na mirgina shi. Lahadi ta zo, na hau tudu na ci alade da kabeji, Ululani ta tambaya, na ce ƙaron bai gama ƙarfi ba. Ƙarya nake, ya yi ƙarfi tuntuni.

Akwai sababbi guda huɗu da zan gwada wa wani mai jirgi, don haka na kira Nobu. Nobu abokina ne tun muna samari, iyayensa daga Japan suka zo tsinkar kofi, shi ya gudo teku. Yana da ƙaramin jirgi da ya girmi yawancin matuƙan tashar, kuma kunnensa ɗaya ya mutu.

"Gobe za mu yawo," na ce masa. A nan ba a cewa za a kamun kifi, kifi yana ji.

"Yawo da wa? Kai har yanzu ba ka mutu ba?"

"Sai na zuba ka a koto tukuna. Kai ko a ƙaro karkacewa za ka yi."

"Kawo ƙanƙara, tsohon banza. Kuma in ka zo mini da ayaba a jaka kamar wancan karon, ka san tana kore sa'ar jirgi, a ruwa za ka dawo."

"Wancan ba ni ba ne, surukinka ne."

Da safe na zuba huɗun a jaka. Na kai ƙofa na dawo na ɗauki na biyar na sa a aljihun wando. Na ce wa kaina ba zan bar shi shi kaɗai a gareji ba, akwai ɓeraye.

Teku ya kwanta lumui. A Kona ba sai ka yi nisa ba, kana barin bakin tasha ƙasa ta yanke, ruwan ya koma shuɗi mai duhu. Muka saki huɗun ɗaya bayan ɗaya. Uku suka yi tafiya. Na huɗu yana jan hagu, na ciro shi na jefa a bokiti, na guduma ne. Nobu ya buɗe shinkafarsa da ya naɗe da ganyen teku yana ci, hannu ɗaya a sitiyari. Sai ya ga ina laluben aljihu.

"Mene ne wannan?"

Na nuna masa. Ya ajiye shinkafar ya goge hannu a riga ya karɓa. Ya juya shi a rana. Ya ga farin layin da ke kwance a cikin. Nobu ya je jana'izar, kuma na gaya masa maganar kwalbar.

"Sebio. Mayar da shi aljihu."

"Ba ƙugiya zan sa ba."

"Matar nan ta ce ko ɗigo. Kai da bakinka ka gaya mini."

"Igiyar hannu ce, gajera. A kan tudun ruwa na farko a bayan jirgi, nan kusa da mu, inda zan iya miƙa hannu in ɗauko. In ga tafiyarsa kawai in ciro. In wanke da ruwan daɗi, wa zai sani?"

"Shi zai sani. Yaron nan a jirgina ya yi aman da ya fi kowanne, har yau in rana ta yi zafi ina jin warin."

"Auna shi a hannunka, Nobu. Auna ka gaya mini."

Ya auna. Ya sake aunawa. Shi ma shekara sittin yana jan koto.

"Ba dalma?"

"Ko ƙwaya."

Ya miƙo mini ya juya fuska wajen dutse. "Ni ban ga komai ba. Kunnena ma ba ya ji."

Na zira igiya ta bututun na ƙulle. Na sunkuya a bayan jirgi na sake shi a hankali.

Ya nutse kamar an kira shi daga ƙasa. Ya yi tafiya a miƙe, ba hagu ba dama, kai yana ɗan kaɗawa. Sai ya taso, ya fasa ruwa, fat, ya shaƙi iska, ya koma da farar kumfa a bayansa doguwa kamar hayaƙin jirgin sama. Ya sake tasowa daidai lokacin da zuciyata ta ce zai taso. Ya sake. Ɓawon kawar yana walƙiya ta cikin kumfar. Nobu da bai ga komai ba ya bar sitiyari ya zo ya tsaya kusa da ni, bakinsa a buɗe da shinkafa a ciki.

"Kai," ya ce. "Kai, kai, kai."

"Ka gani? Wa ya zuba?"

"To ka gani, ciro shi."

"Bari ya ƙara ɗaya."

Ya ƙara ɗaya. Ya ƙara wata. A ta ukun ne na ga inuwa a ƙarƙashin kumfar, doguwa, ta fi rabin jirgin Nobu. Sai ƙayar bayan kifi ta fito daga ruwa, sai baki mai kama da mashi. Babban kifin nan ne da muke kira a'u, kuma mace ce, don namiji ba ya kai wannan girman. Jikinta ya kama da shuɗin nan da suke yi in sun yi niyya.

Duk rayuwata in na ga wannan inuwar ihu nake yi, in ce ci, ci, 'yar gari. Ranar na fizgi igiya. Kuma fizgar ita ce kuskure, kowane yaro a tasha ya san haka: abin da ke gudu shi a'u take so. Ta biyo shi. Ta kai masa duka da mashin, na ji ƙarar a cikin igiya har kafaɗata. Koton ya yi sama ya faɗo. Na ja da hannu biyu. Ta juyo ta gefe ta buɗe baki ta haɗa da shi.

Ba ƙugiya, amma a'u in ta damƙe abu ba ta saki sai ta ga dama. Ta juya ta nufi zurfi. Igiyar ta bi ta tafin hannuna da gudu. Ban sa safar hannu ba, don ba kamu na fito yi ba. Na naɗe ta a hannun dama, na naɗe a na hagu, na tokare gwiwa a katakon baya. Na ga fata tana tafiya tare da igiyar. Ban ji zafi ba. Ina kallon wurin da igiyar ke gogar mashin, don mashin a'u kamar samfefa yake, kuma na ga ta fara yin gashi.

"Sakar mata!" Nobu yana ihu. "Za ta ja ka ciki, mahaukaci!"

"Ba ta isa ba."

"Hannunka, Sebio!"

Ban saki ba. Nobu ya ruga ya cire giyar inji. Jirgi ya tsaya, igiya ta yi sako-sako. Ni ma da zan ce masa ya yi hakan, ya dai riga ni ne. Da abin ya daina ja, ta ji ƙaro ne a bakinta ba nama ba. Ta girgiza kai sau ɗaya ta tofar. Ta yi kwana a gefen jirgin a hankali, ta dube mu da ido ɗaya, shuɗin jikinta ya mutu, ta gangara.

Na jawo igiyar da yatsu, a hankali, don saura zare kaɗan ta rabu. Nobu ya sa ragar hannu ya kwaso shi.

Rabin gezar ta tafi. A gefen kan, daga ido zuwa wuya, ga zane mai zurfi fari, inda mashin ya bi. Tokar tana nan a kwance yadda na sa ta.

Nobu ya yaga tsohuwar riga ya ɗaure mini hannuwa. Yana ɗaurawa yana zagina, ya zagi ubana, ya zagi jirgin da ya kawo kakannina daga Fotugal. Da ya gaji ya zauna a kan akwatin ƙanƙara.

"Saurara. Sabuwar geza, samfefa, goga. Kafin la'asar ya koma yadda yake. Ba za ta sani ba."

"Ba a goge zanen a'u."

"Wannan ba na aiki ba ne, na ɗaki ne!"

"Ka taɓa ganin wanda ya goge zanen a'u? Mutane kuɗi suke ƙarawa a kansa. Fitarsa ta farko, Nobu. Bai yi minti nawa a ruwa ba ta taso masa. Akwai koton da ke shekara bai ga haka ba."

"Da wane hannun ma za ka goge? Kawo in yi maka."

"Ba mai taɓa aikina."

Ya dube ni, ya tofa yawu a ruwa, ya tada inji.

Daga tasha ban biya gida ba. Na tuƙa da wuyan hannu na hau tudu. Na tarar da Ululani a kan dandamalin shanya tana jan ragowar kofi da manjagara. Ta ga tsumman hannuna ta saki manjagarar ta sauko da sauri.

"Baba! Zarto ne?"

"Laluba aljihun nan na dama. Ni ba zan iya ba."

Ta zira hannu ta ciro shi. Gezar tana ɗiga. Ta tsaya da shi a tafin hannu. Ta kai shi hanci.

"Ka jiƙa shi."

"Na jiƙa shi. Amma tsaya ki ji. Kin ga zanen nan? A'u ce, ta kai girman motarki. Ga na kamfani cike da teku, ga nawa huɗu da muka ja kafin shi, ba ta kula kowa ba sai shi. Kuma bai karkace ba, 'yata. Ko sau ɗaya. A miƙe ya tafi, ya taso, ya koma, kamar a ruwa aka haife shi. Tambayi Nobu. Tun da nake zubi ban taɓa..."

"Ta haɗiye shi?"

"Ta sa shi a baki. Na ƙwato shi. Da hannun nan, ba safa. Wani da ya saki."

"Da igiyar ta tsinke fa?"

"Ba ta tsinke ba."

Ta bi zanen da babban yatsa, daga ido zuwa wuya. Ban ga hawaye ba. Muryarta ma ba ta tashi ba.

"Abu ɗaya ya roƙe ka, Baba. Tun da na san shi ban taɓa jin ya roƙe ka komai ba sai wannan."

Ban ga abin da zan ƙara a kan bayanin da na yi ba.

Ta wuce wajen tankin ruwan sama ta buɗe famfo. Ta kwance ragowar gezar ta yar a ƙasa. Ta wanke kan, ta tara bututun a bakin famfo ruwa ya bi ta ciki ya fita, ta daɗe tana yi. Ta ɗanɗana ruwan da ke fita, ta ci gaba. Sai da ta daina jin gishiri ta rufe. A igiyar shanya akwai wata tsohuwar rigar aikin Lopaka mai tabon kofi, ta ciro ta ta naɗe shi a ciki.

"Ka biya asibiti a ɗinke maka hannun nan kafin ya ruɓe," ta ce.

"Wannan? Na ga wanda ya fi shi. Lokacin da jirgin Kaupiko ya nutse da mu..."

"Lahadi kada ka hau. Ina da aiki."

"Ta sama fa?"

"In na gama zan kira ka."

Ta shiga gida da rigar a ƙirjinta ta ja ƙofar raga. Na ɗan tsaya. Kaji suna tsattsagar gezar da ta yar. Na koma mota.

An yi mini ɗinki a hannu biyu. Likitar ta ce tsoho mai shekaruna bai kamata ya yi wasa da igiya ba, na ce mata tsoho mai shekaruna ba ta taɓa ganin irinsa ba. Sun warke, sai dai 'yan yatsu biyu na dama ba sa lanƙwasa sosai, kuma tafin ba ya jin zafi ko sanyi. Yana da amfani, ina ɗaukar tukunya ba tsumma.

Kofi ya yi fure ya zuba, ya yi 'ya'ya, sun fara ja. Ululani ba ta kira ba tukuna. Ran Lahadi nakan buɗe kifin gwangwani in ci da shinkafar jiya a gareji, ƙofa a buɗe, ana jin mota tun daga kwana.

Na gwada sake yin irinsa. Na gwada da yashin murjani, na gwada da garin ƙashin kifi, na gwada da tokar itacen kofi da na roƙa wajen wani. Mazubi ɗaya, fuska ɗaya, hannu ɗaya. Suna tafiya, ba laifi, ana saye. Amma ba haka ba. Koton da ya fi kowanne tafiya a tekun Kona ni na zuba shi, kuma mutum biyu ne suka gani, ɗaya kurma. Koton yana can tudu a cikin riga.